Ɗakin Bayan Shagon Alhaja Mulika

Inna Kande ta ɗaure kayanta tun ranar Talata. Ƙulli biyu ne da tukunya ɗaya. Ta jingine su a bakin ƙofar garejin Baffa Ibrahima, ƙanen marigayi mijinta, inda suke kwana ita da 'yarta Safiyatu tun da suka baro Gatawa suka shigo Sakkwato. Sannan ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafafu.

"Lawwali direba na komawa Sabon Birni bayan Juma'a," ta ce. "Za ni bin shi."

"Ki koma ki iske wa, Inna?"

"Ɗakina. Ko sun ƙone rufin, bangon nawa na. Nan ko barci za ni yi sai na jira an gama gyara mota bisa kaina."

Safiyatu ba ta yi musu ba. Ta san uwarta. Ta kuma san Gatawa. Masu bindiga sun sa wa gari haraji kafin a yanke gero, kuma idan ba a kai musu ba da kansu suke zuwa. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ba ta iya gudu zuwa daji.

"Ki ba ni zuwa Juma'ar," ta ce. "Za ni samo ɗaki."

"Tun watan jiya kike samo shi."

Gaskiya ne. Safiyatu tana da aiki. Karatun kiwon lafiya ta yi, ta riƙe ƙaramin asibitin garinsu har aka rufe shi, yanzu kuma tana sayar da magani a wani kemis kusa da babbar kasuwa. Albashin zai iya ɗaukar ɗaki ɗaya wata-wata. Abin da ba ta da shi biyu ne: kuɗin shekara a dunƙule, da suna.

Sunan ya tafi ne bara, lokacin da aka ɗauke ƙanenta Halliru a gona. An sayar da awaki, an sayar da injin ban-ruwa, bai kai ba. Ragowar ta ciwo a wata manhajar bashi ta waya, irin wadda ba ta tambayar komai sai hoton mutum da izinin duba lambobinsa. Halliru ya dawo da rai, ya wuce kudu neman aiki. Biyan ya yi jinkiri. Sai wata safiya duk wanda lambarsa ke cikin wayarta ya tashi da hotonta, an rubuta a ƙasa cewa ɓarauniya ce, ta gudu da kuɗin kamfani, duk wanda ya gan ta ya yi hattara. Ya je wa malamanta na makaranta. Ya je wa limamin Gatawa. Ya je wa Shamsu dillalin gidaje, wanda ta ajiye lambarsa tun tana shirin tasowa, daga nan kuma ya faɗa zauren waya da dillalan Sakkwato ke tura wa juna sunayen masu cinye haya.

Shamsu bai guje ta ba. La'adarsa yake so. Ranar Laraba ya kai ta Mabera, gidan wani Alhaji mai sayar da tayoyi. Ɗaki ne mai kyau, da famfo a tsakar gida. Alhajin ya dubi fuskarta. Zanen Gobirawa ne a kumatunta, daga gefen baki har kunne, wanzamin da ya yi shi bai yi rowa ba.

"Malama, daga ina?"

"Gatawa, ƙasar Sabon Birni."

"Ash-sha. Allah shi kawo muku sauƙi."

"Amin."

Ya ja Shamsu gefe, suka sunkuya a kan waya. Da suka dawo, ɗakin an riga an kama shi tun jiya.

A Gidan Igwai mai gidan bai ma ɓoye ba. "Kar ki ji haushi. Mutanen can yanzu ba a san wanda ke kai rahoto daji ba. Ga kuma batun bashin ga."

"Da ina kai musu rahoto, Alhaji, sayen gidan za ni yi, ba haya ba."

Shamsu ya yi ta ba da haƙuri har bakin titi. Ita ba ta waiwaya ba.

Akwai wani a Tudun Wada da ya yarda da wata-wata, idan ma'aikacin gwamnati zai sa hannu ya tsaya mata. Da yamma ta tari Baffa Ibrahima yana alwala. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi abin da ya kawo ta.

Ya gama wanke ƙafa kafin ya amsa. "Safiyatu, hoton ga har ofishinmu ya kai. Oga na ya kira ni ya nuna min. In na sa hannu anka samu matsala, albashina za a taɓa. Ina da iyali."

"Kuɗin fansar ɗan wanka na, Baffa."

"Na sani. Ni ma na ba da nawa."

Ya bayar, ba ƙarya ya yi ba. Ya kuma ba su gareji.

"To, Baffa. Allah shi saka."

Inna tana jin su daga ciki. Da Safiyatu ta shigo, ta same ta tana ƙara ɗaure bakin ƙullin.

Ranar Alhamis Shamsu ya zo da shawara. Sun tsaya a gindin wata dalbejiya, yana zaune a kan babur ɗinsa yana goge gumi da hula.

"Malama, in hwaɗa miki gaskiya? Fuskarki ke korar mu. Da an gan ta an san Gobir, da an san Gobir sai a duba waya. Ki sa niƙabi. Ba wanda zai ce ki ɗaga. Ina da ƙanwa Khadijat, da katinta za mu kama ɗakin. Mu ce daga Tambuwal kike. Kuna shiga shi ke nan."

"Innata ma niƙabin za ta sa? Nata zanen ya fi nawa."

"Tsohuwa ba ta fita."

"Ta baro gareji ta shiga kurkuku ke nan."

"Haba, Malama. Wata ɗaya, biyu, kowa ya manta."

"Sun ce na gudu, Shamsu. In na rufe fuska na canza suna, na gudu ɗin ke nan. Akwai wani gidan ko babu?"

Ya yi tsaki, ya tashi babur. "Akwai na wasu Yarbawa a Rijiyar Ɗorowa. Ɗan ne ke riƙe da haya, kuma ya fi kowa duba waya. Kuɗin kabu-kabunki za ki ɓata."

"Nawa na."

Gidan tsoho ne, dogo, ɗakuna suna kallon juna. A gaba akwai shago cike da jarkokin manja da buhunan gari da barkono. Wata tsohuwa mai ƙiba tana zaune a ƙofar shagon da gwaggwaro a kai, tana auna wa wata mata gari. Ita ce Alhaja Mulika, mai gidan. Ta amsa sallama ba ta ɗago ba.

Ɗanta Taju ya fito da makullai. Mutum ne mai fara'a, ya nuna musu ɗakin da babu kowa, ya nuna banɗaki, ya faɗi kuɗin wuta. Sannan ya tambayi cikakken sunanta, ya latsa waya. Fara'ar ta tafi a hankali.

"Shamsu, ai ka san ba ma haka da kai."

"Na ce mata."

"Yi haƙuri, Malama. Ko da kuɗin shekara ne, sai da mai tsayawa."

Suka juyo. Da suka zo wucewa ta gaban shagon, Alhaja ta ɗago kai a karon farko. Ta dubi kumatun Safiyatu, dama da hagu, kamar mai duba atamfa. Gefen bakinta ya motsa. Ta koma kan mudunta.

Safiyatu ta kai bakin ƙofa ta tsaya. Ta san wannan kallon. Tana yarinya, akwai wani Bayarabe mai sayar da yadi a kasuwar Sabon Birni. Duk ranar kasuwa sai babanta ya tsaya a rumfarsa sun zagi juna tas, wannan ya ce bawana, wancan ya ce bawana, jama'a na dariya, sannan su ci goro tare. Gobirawa da Yarbawa taubasai ne. Komai zafin magana tsakaninsu ba a fushi, ba a kai ƙara.

Sati nawa tana durƙusawa tana gaida masu gidaje. Ta juyo ta tsaya a kan tsohuwar, hannu a ƙugu.

"Ke, baiwa. Tun ɗazu uwargijiyarki ta shigo gidanki kina zaune. Haka anka koya miki?"

"Innalillahi!" in ji Shamsu. "Malama!"

Taju ya yo kanta. "Wa kike..."

"Taju, koma." Alhaja ta ajiye mudu a hankali. Ta gyara zama. "Ƙyale ta. Kyanwa ce ta yakushe ta tun tana jaririya, har yau zafin bai sake ta ba."

"Wanga zanen sarauta na. Naku fa? Uku-uku, kamar an gwada wuƙa an fasa."

"Mu ba mu da lokacin kwanciya a yi ta yanka mu kamar kilishi. Muna neman kuɗi."

"Na ga neman. Shekara nawa kina gari, har yau manja."

Matar da ta zo sayen gari ta fasa tafiya, ta ajiye ledarta. Wata ta leƙo daga ɗaki da jariri a kafaɗa.

"Manjan nan ya gina gidan da kike roƙo," in ji Alhaja.

"Ba roƙo nike ba. Dubawa nike in gani ko ya kai in zauna."

"Ji Bagobira! Ku da kuka cika duniya da labarin yaƙi, ba ku gudu, ba ku ja da baya. Ga shi yaran daji sun koro ku har gindin jarkata."

Mai jaririn ta koma ciki. Shamsu ya dubi ƙasa.

Safiyatu ta ji maganar har cikin haƙoranta. Ta tuna ƙofar asibitin Gatawa da kwaɗo a jiki.

"Sun koro mu," ta ce. "Ba ƙarya kika yi ba. Sai munka ce bari mu zaga mu ga yadda bayinmu ke riƙon amana. Na fara da ke, na ga babu."

Alhaja ta dube ta na ɗan lokaci. Sai ta fashe da dariya har gwaggwaron ya karkace. Ta turo wata kujerar roba da ƙafa.

"Zauna, marar kunya. Ke 'yar wa ce?"

Safiyatu ba ta zauna ba tukuna. Ta miƙa hannu wajen Taju. "Nuna mata abin da ka gani. Karanta mata duka, kar ka rage."

Taju ya karanta, murya ƙasa-ƙasa. Alhaja ta karɓi wayar ta nisanta ta da ido, ta dubi hoton, ta dubi mai hoton.

"A nan kin fi muni. Gaskiya ne abin da suka ce?"

"Bashin gaskiya na. Ɓarauniya ƙarya ta. Na ci na fanso ƙanena. Ina biya, ban gama ba."

"Ya dawo?"

"Ya dawo."

"Wa zai tsaya miki?"

"Babu."

"Kuɗin shekara?"

"Babu. Wata-wata, ranar da anka biya ni a kemis."

"Babu, babu. Kin ji dukiyar Gobir, Taju."

"Mama," in ji Taju, "ba wasa ba ne. In ta kwashe kaya ta gudu, ina za mu same ta?"

"Da wannan fuskar? Ina za ta ɓuya? Ko makaho ya shafa ya san ta." Ta juya wajen dillalin. "Kai, Shamsu. Ba ka ce ta rufe ba? Na san ku. Rabin masu niƙabin da kuke kawo min ba sunansu ba ne."

Shamsu ya sosa ƙeya. "Na ce. Ta ƙi."

"To."

"Mama, kin san ko ta ƙi biya ba za ki bari in kai ta ko'ina ba. Haka kika yi da mai gyaran rediyon nan."

"Wancan ma Bagobiri ne, kuma ya biya."

"Bayan shekara nawa?"

"Ya biya." Ta nuna Safiyatu da mudu. "Ki ji da kyau. Ni ba na kai Bagobiri kotu, uwata ba ta kai ba. Amma ranar da wata ya ƙare ban ga kuɗina ba, kujerar nan za ni ɗauka in dasa a ƙofarki tun asuba. Daga kakanki za ni fara. Duk unguwar nan sai ta san yadda muka sayo shi da tasa ɗaya ta barkono."

"Kya ji amsa."

"Kuma ba ɗakin da kika gani ba. Wancan na masu kuɗin shekara ne. Taju, buɗe mata sito."

Siton yana bayan shago. Taga ɗaya ce, ƙarama, a sama. Ƙasan ya sha manja har ya yi baƙi. Ta wani gefen kwanon rufi ana hango rana. Amma yana da ƙofa, ƙofar tana da sakata ta ciki, kuma tabarma biyu za su shiga har da wurin tukunya.

Safiyatu ta fito. "Kwano na yoyo."

"Ku da kuka saba kwana a ƙarƙashin kara."

"Kara ba ya yoyo. Za ni kira kafinta, a cire kuɗin daga watan farko."

"Rabi."

"Duka. Rufinki na, ba da shi za ni tafi ba."

"Rabi, kuma ki wanke ƙasan da kanki."

"Rabi, Taju shi kwashe jarkokin yau."

Alhaja ta ɗaga hannu sama. "Kun ga abin da na jawo wa kaina. Ke da wa za ki zauna?"

"Da innata."

"Ita ma yakusassa ce? Kawo ta in gani ko kyanwarta ta fi taki ƙwazo."

A bakin ƙofa Shamsu ya raɗa mata, "Ki koma ki yi godiya mana."

"Ba a gode wa bawa," ta ce da ƙarfi.

"Na ji ki!" in ji Alhaja daga shago.

Ranar Juma'a Inna Kande ta yi wanka ta sa zanenta na tafiya. Safiyatu ta gaya mata an samu ɗaki. Ta gaya mata gaskiya: ƙarami ne, yana warin manja, rufin sai an gyara.

"Sito," in ji Inna. "Daga gareji zuwa sito. Gara bangona."

"Ki gani da idonki dai. Hanyar tasha ta."

"Gidan wa?"

"Wata Bayarabiya."

Inna ta dakata da ɗaurin kallabi. "Bayarabiya."

"Ta ce in kawo ki ta gani ko kyanwar da ta yakushe ki ta fi tawa ƙwazo."

"Ita ta ce haka?"

"Gaban mutane."

"Ke kuma mi kika ce?"

"Na rama abin da na iya."

Inna ta ja tsaki mai tsawo. "Abin da kika iya. Ɗauko tukunya."

Suka shiga keken haya da ƙullin biyu. Suka isa Rijiyar Ɗorowa. Inna ta sauka da ƙyar, tana dafa gwiwa, ta ƙi a riƙe ta. Alhaja na zaune inda take jiya. Tsofaffin biyu suka dubi juna.

"Lallai," in ji Alhaja. "Wannan ba kyanwa ba ce. Damisa ce."

"Tashi ki karɓi kayana," in ji Inna. "Ko ƙibar ta hana? Da manjan wa kika yi ta? Mu munka bar ku kuna ci ba mu karɓi kuɗin shara na taubasai ba shekara da shekaru, shi ya sa kunka lalace."

"Shara? Ku da za ku kawo min!"

"Bari watan cika-ciki shi kama, ki gani wa ke kai wa wa."

Inna ta wuce ta gabanta ta shiga siton. Safiyatu ta tsaya a waje da tukunya. Ta ji uwarta na buga bango da tafin hannu. Ta ji ta ja sakatar, ta mayar, ta sake ja.

Wayar Safiyatu ta yi ƙara. Ta duba. Ba masu bashin ba ne, su sai da yamma suke kira. Lawwali direba ne.

"Mota ta kusa cika," ya ce. "Na riƙe wa Inna gaba. Tana tahe?"

Safiyatu ta miƙa wayar ta ƙofa. Inna ta karɓa ta kara a kunne kamar mai riƙe da faifai.

"Lawwali? Ba wani gaban. Akwai wata baiwa nan da ta manta tarbiyya, ba ni barin ta haka." Ta saurara kaɗan. "Awo. In ka isa ka duba min ko bangon na tsaye."

Ta miƙo wayar, ta durƙusa a kan ƙulli na farko tana kwance bakinsa.

"Ke, Bayarabiya!" ta ɗaga murya. "Ina kunka aje tsintsiya a gidan ga? Ko ba ku san ta ba?"